Daga Farisa Zuwa Gwaram: Tarihin Sunan "Bamaguje"



Akwai kalmar da kusan duk wanda ya tashi a gidan masu bi a ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram ya taɓa ji an jefe shi da ita, ko a makaranta, ko a kasuwa, ko a tashar mota: "ɗan Maguzawa". Wasunmu in sun ji ta sai su sunkuyar da kai, wasu kuma ransu ya ɓaci. Akwai ma waɗanda in sun tafi karatu Dutse ko Kano ko Zariya sukan ɓoye sunan ƙauyensu da na kakansu, har su bar mutane su ɗauka cewa su ba Hausawa ba ne, don kada a tono asalinsu. Hausawa sun ce suna linzami ne. Tun da wannan suna yana jan wasunmu zuwa kunya, ya kamata mu zauna mu bincika inda ya fito da abin da yake nufi. Tafiyar tana da nisa, amma za ta dawo da mu gida.

Wata tsohuwar kalmar Turanci

Bari mu fara daga inda da yawanku kuka saba. Masu wasannin waya da masu kallon finafinan almara sun san kalmar *mage*, wato mutumin nan mai doguwar riga da sanda, mai yin abubuwan al'ajabi. Tsohuwar kalma ce a Turanci. Ta shiga harshen wajen shekara ta 1400, tana nufin mai zurfin sani ko mai sihiri, daga baya aka daina amfani da ita a maganar yau da kullum, sai marubutan almara na zamaninmu suka tono ta. 'Yar'uwarta kuwa, *magic*, ba ta taɓa tsufa ba, har mu ma mun are ta muna cewa "majik". Su biyun daga Latin suka fito, Latin ta aro daga Helenanci, Helenawa kuma suka aro daga mutanen Farisa, ƙasar da ake kira Iran a yau. Masana harshe da tarihi da dama sun tafi a kan cewa wannan kalma ta Farisa ita ce kuma tushen sunan Maguzawa. Reshe ɗaya ya bi ta Turai ya zama *mage*, ɗayan ya bi ta ƙasar Larabawa ya iso ƙasar Hausa.

Su wane ne magush?

A yammacin Iran akwai wani dutse mai suna Behistun. A jikinsa Sarki Dariyus na Ɗaya ya sa aka sassaƙa labarin hawansa mulki cikin harsuna uku, wajen shekara ta 520 kafin haihuwar Almasihu. Wannan shi ne Dariyus ɗin da littafin Ezra ya ce a zamaninsa aka gama sāke gina Haikali a Urushalima. A rubutun ya ambaci wani mutum, Gaumata, wanda ya ce ya ƙwace gadon sarauta da ƙarya a shekara ta 522, ya kuma kira shi *magush*. Bayan haka, a ƙarni na 5 kafin haihuwar Almasihu, marubucin tarihi na Helenawa, Hirodotus, ya lissafa su cikin kabilu shida na Mediyawa. Ya nuna cewa su ne masu tsayawa a wurin miƙa hadaya, su ne kuma masu fassara wa sarakuna mafarki.

Da tafiya ta yi tafiya, sunan ya zama na firistocin addinin Zaradusht, addinin Farisa kafin zuwan Musulunci. Suna kula da wuta a wuraren sujadarsu, ba sa barin ta ta mutu, shi ya sa maƙwabta suka yi ta kiransu masu bautar wuta. Har yanzu akwai sauran mabiyan wannan addini a Iran da kuma birnin Mumbai na Indiya.

Helenawa sun yi yaƙi da Farisa, suna tsoronta, suna kuma sha'awar iliminta. Saboda haka kalmar, wadda suka mai da ita *magos*, ta sami fuska biyu a bakinsu. Wani lokaci tana nufin masanin gabas, mai nazarin taurari da mafarki. Wani lokaci kuma tana nufin mayaudari mai rufa ido, wanda yake cin kuɗin mutane da tsibbu. Ku riƙe waɗannan fuskoki biyu, domin za mu same su duka a cikin Littafi Mai Tsarki.

Kalma ɗaya, mutane iri biyu

Lokacin da Yahudawa suka juya Tsohon Alkawari zuwa Helenanci, sun yi amfani da wannan kalma a littafin Daniyel sura 2, cikin jerin waɗanda Nebukadnezzar ya kira su faɗa masa mafarkinsa suka kāsa. A ƙarshen surar sarki ya ɗora Daniyel a kan dukan masu hikimar Babila. Bawan Allah ya zauna a tsakiyarsu shekara da shekaru bai bar Allahnsa ba, har ma ya zama sanadin tsirar da rayukansu daga takobin sarki.

A Sabon Alkawari kuma, ku buɗe Matiyu sura 2. Baƙin nan da suka zo daga gabas suna neman sarkin da aka haifa, waɗanda juyinmu na Hausa ya kira masana taurari, a Helenanci *magoi* ne, jam'in *magos*. Matiyu bai faɗi yawansu ba, bai kuma ce sarakuna ne ba. Kyautai uku ya ambata, zinariya da lubban da mur, daga nan ikkilisiyoyin yamma suka ɗauka su uku ne, yayin da wata al'adar Kiristocin Suriya ta ce su goma sha biyu ne. Zancen sarauta ya samo asali daga yadda masu bi na dā suka karanta Zabura 72 da Ishaya 60. Sunayen da aka laƙaba musu, Kasfar da Malkiyor da Baltazar, sai wajen ƙarni na 6 suka bayyana, kuma daga ƙarni na 15 masu zane a Turai suka riƙa zana Baltazar baƙar fata, ɗan Afirka. Abin da nassin ya tabbatar shi ne, su ba Yahudawa ba ne, ba su tashi da Attaura ba, amma a Linjilar Matiyu su ne na fari da suka durƙusa wa Yesu. Malaman Urushalima sun san annabcin Mika, sun faɗa wa Hirudus cewa Baitalami ce, ga ta nan kusa, tafiyar da ba ta kai kilomita 10 ba, amma ba a ce ko ɗayansu ya je ba.

Yanzu ku juya zuwa Ayyukan Manzanni. A sura 8 ga Siman na Samariya, wanda ya daɗe yana ruɗin mutane da sihiri. Ya ba da gaskiya, an yi masa baftisma, amma da ya ga baiwar Ruhu Mai Tsarki sai ya fito da kuɗi zai saya, Bitrus ya tsawata masa ƙwarai. Aikin da aka ce yana yi, daga wannan tushe aka ciro sunansa. A sura 13 kuma ga Alimas a tsibirin Kubrus, wanda ya yi ƙoƙarin hana muƙaddas Sarjiyas Bulus jin bishara, har makanta ta same shi na ɗan lokaci. Shi ma *magos* aka kira shi, daidai da baƙin Baitalami. Masu juyin Turanci na Sarki Yakubu na 1611 sun raba kalmar biyu: na Matiyu suka ce da su masu hikima, Alimas kuma mai sihiri. Amma a asalin rubutun suna ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne abin da kowa ya yi da ya ji labarin Almasihu.

Yadda ta bi ta hannun Larabawa

Larabawa sun karɓi kalmar suka ce *majus*. Ta zo sau ɗaya a Alƙur'ani, a Suratul Hajji aya ta 17, cikin jerin al'ummai tare da Yahudawa da Nasara. Malaman Musulunci a ƙasarmu sukan ce Majusawa. Wani abin lura kuma, juyin Littafi Mai Tsarki na Larabci da aka kammala a 1865, wanda ake kira na Ban Daik, wannan kalma ta *majus* ya sa wa baƙin da suka zo Baitalami. Kirista Balarabe a Masar ko Lebanon, duk Kirsimeti da wannan suna yake jin labarinsu.

Da daular Musulunci ta faɗaɗa, sai tambaya ta taso: Yahudawa da Nasara suna da littafi, ana barinsu da addininsu su biya jiziya, to yaya za a yi da Majusawa? Littafin Muwaɗɗa na Imamu Malik, wanda ake karantawa a zaurukan malamai a nan ƙasarmu har gobe, ya ruwaito cewa Annabin Musulunci ya karɓi jiziya daga Majusawan Bahrain, Halifa Umaru ya karɓa daga na Farisa, Halifa Usmanu kuma ya karɓa daga Barbarawan Afirka ta Arewa. Daga nan kalmar ta wuce kan mutanen Farisa kaɗai, ta zama suna ga al'ummar da ba ta da littafi. A shekara ta 844, da wasu mayaƙan jiragen ruwa daga can arewacin Turai suka auka wa birnin Ishbiliya a Andalus, wato Sifen ta yau, marubutan Larabawa *majus* suka kira su, alhali ba abin da ya haɗa su da Farisa.

Wannan ya isa ya warware wani ruɗani. Kada wani ya tashi a zumunta ya ce kakanninmu jikokin masana taurari ne da suka yi ƙaura daga Iran. Kalmar ce ta yi tafiya. Kakanninmu kuwa suna nan a ƙasarsu suna noma.

A ƙasar Hausa

Ƙasar nan tamu tsohuwa ce. Zane-zanen shanu da ke jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu a Birnin Kudu, da duwatsun nan masu amo kamar ƙararrawa waɗanda Bernard Fagg ya yi nazarinsu a tsakiyar shekarun 1950, shaida ce cewa mutane sun daɗe da zama a nan. A lokacin da kowa yake bin al'adar gargajiya, ba wanda yake bukatar suna na dabam. Bisa ga Tarihin Kano, Wangarawa daga Mali sun kawo Musulunci fadar Kano a zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, ya kuma kafu sosai a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. Birni da kasuwa suka musulunta, amma manoma da yawa a karkara suka ci gaba da abin da suka gāda. Harshensu ɗaya da na birni, sarkinsu ɗaya, dawarsu da geronsu ne suke ciyar da birnin. Ana bukatar sunan da zai ba su gurbi a shari'a.

Murray Last, masanin tarihin daular Sakkwato wanda ya zauna a gidan Maguzawa a ƙasar Malumfashi wajen 1970, ya nuna cewa aikin da sunan ya yi ke nan. Wanda aka kira Bamajuse yana da matsayi da littattafan mazhabar Malikiyya suka sani: zai biya jiziya, a bar shi da gonarsa da iyalinsa da addininsa, a matsayin ɗan amana. Haka aka ci gaba bayan jihadin 1804, lokacin da Birnin Kudu da Gwaram suke ƙarƙashin Sarkin Kano. Ba za mu ce zaman daɗi ne zalla ba. Akwai nauyin haraji, akwai raini, kuma ɗan amana ba ya daidai da Musulmi a gaban alƙali. Duk da haka sunan yana nufin maƙwabcin da aka san da zamansa, wanda doka ta hana a taɓa.

Labarin Bama

Kun san labarin da ake bayarwa. Wai akwai wani mutum mai suna Bama da ya musulunta, da ya ga salla biyar da zakka sun yi masa yawa sai ya tsere daji, aka ce Bama ya guje, shi ne Bamaguje. Wasu kuma su taƙaita su ce Maguzawa su ne maguya salla. Wannan labari ne yake sa sunan ya yi ɗaci, domin yana mai da kakanninmu ragwaye masu gudun gaskiya.

Harshen Hausa da kansa ya ƙaryata shi. A Hausa, harafin "d" da harafin "z" duka sukan koma "j" in wasalin "e" ko "i" ya biyo baya. Daga gudu muke samun guje, daga kaza muke samun kaji. Saboda haka in ka ji "Bamaguje" kaɗai, kunnenka zai iya kai ka ga gudu. Amma sai ka dubi jam'in. Da daga gudu ne, da Magudawa za mu ce, al'adarsu kuma Magudanci. Ba wanda yake faɗar haka. Maguzawa muke cewa, da Maguzanci. Tushen shi ne "maguz", sai "ba" na farko irin na Bakano da Bakatsine, kuma "z" ta zama "j" kamar yadda "s" ta Hausawa ta zama "sh" a Bahaushe. Canjin da aka samu daga *majus* kuwa ba baƙon abu ba ne. Bakin Bahaushe ne ya mai da *al-kitab* littafi, ya mai da *al-khabar* labari, kuma har yau a Masar harafin jimun "g" ake furta shi.

Tarihin yankinmu ma bai goyi bayan labarin ba. Sanannen gudun hijira da aka yi a nan kudancin ƙasar Kano shi ne na Malam Hamza da malaman da suka bi shi daga Tsakuwa zuwa duwatsun Ningi a shekarun 1840, saboda saɓani da hukuma a kan haraji. A can suka haɗa kai da Butawa da Warjawa da Fa'awa, aka yi shekaru wajen hamsin ana gwabzawa da Kano, garuruwanmu na kan iyaka suna shan hari. Manoman da ake kira Maguzawa kuwa suna cikin masarauta a gidajensu na gādo.

Abin da suka riƙe, da abin da muka bari

Joseph Greenberg, wanda ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939 ya kuma buga littafinsa a 1946, ya tarar sun san Allah Mahalicci, suna ambatonsa, amma suna ganinsa nesa. Waɗanda suke kusa su ne iskoki, irin su Kuri da Doguwa da Gajimari, masu kawo ciwo ko albarka, waɗanda ake yanka wa akuya ko kaza a gindin tsamiya ko kuka. Tsofaffinmu da suka fito daga ciki sun faɗa mana irin tsoron da ake kwana da shi. Sun kuma faɗa mana kyawawan abubuwa: babban gida mai riƙe 'ya'ya da jikoki, aikin gandu da gayya, rumbu cike, da maganar da ba a canjawa. Ko waɗanda suke raina su sukan yi musu shaidar gaskiya da ƙwazon noma.

Bishara ta yi jinkirin isowa gare su. A 1900 Sarkin Kano Alu ya sallami Bishop Tugwell da abokan tafiyarsa daga birnin, kuma bayan Turawa sun ci Kano a 1903 gwamnatinsu ta taƙaita aikin mishan a masarautu. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. A shekarun 1930 aka ba mishan ta SIM damar kula da kutare a wurare irin su Yadakunya. An kafa ECWA a 1954. Daga shekarun 1960 da 1970 zamani ya matsa, gidajen Maguzawa da yawa suka zaɓa: wasu suka musulunta, wasu suka karɓi Almasihu ta bakin masu bishara 'yan ƙasa da suka zo da keke ko da ƙafa, suka zauna suka yi noma tare da su. Shi ya sa a zuriya ɗaya za ka sami liman, ka sami fasto, ka kuma sami tsohon da bai bar tsafin gidansu ba. Kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, wannan sauyi ya riga ya yi nisa. Yau da yawanmu mun fi son a kira mu Masihiyawa, kamar yadda sunan Tarayyar Masihiyawan Nijeriya ya nuna, kuma wannan daidai ne. Sai dai sabon suna bai wajabta mana ƙyamar tsohon ba.

To, yaya za mu yi da sunan?

Na fari, mu daina ɓoye asalinmu. Wanda ya ce maka Bahaushe ba ya zama Kirista, ka amsa masa da ladabi, ka gaya masa sunan ƙauyenku da na kakanka, ko Nomau ne ko Ranau ko Shekarau. Sunan "Kirista" ma a Antakiya aka fara kiran almajirai da shi, kuma Bitrus ya gargaɗi masu bi a wasiƙarsa ta fari, sura 4, kada su ji kunya in sun sha wuya dominsa. 'Yan'uwanmu Warjawa da sauran kabilu da muke sujada tare, wannan magana ta shafe ku, domin ku ma akwai sunayen da ake jifanku da su.

Na biyu, kada alfahari da asali ya mai da mu gindin tsamiya. Akwai masu cewa komawa ga bori da tsafi shi ne kishin al'ada. Akwai kuma wanda yake cikin ƙungiyar mawaƙa ran Lahadi, amma in jarrabawa ta ƙarato, ko neman aiki ya ƙi, ko budurwa ta juya baya, sai a gan shi a ƙofar boka. Siman ma an yi masa baftisma. Iyayenmu sun ƙone layu da guraye a gaban jama'a, wasu an kore su daga gida, wasu an hana su mata, domin mu kwana ba tsoron iska. Kada mu sayar da wannan da arha.

Na uku, kada mu mai da sunan abin zagi a bakinmu. Abin takaici ne a ji ɗan ikkilisiya yana ce wa kawunsa "wannan Bamagujen" da irin muryar da ake faɗa mana. In akwai tsoho ko tsohuwa a danginku da ba su karɓi bishara ba, ku je ku gaishe su, ku taya su shara da ɗiban ruwa, ku tambaye su tarihin gidanku ku rubuta tun suna da rai. Danginmu da suka musulunta ma jininmu ne, a gaishe su a biki da makoki. Waiwaye adon tafiya ne. Allahn da ya sa tauraro ya yi wa mutanen gabas magana da abin da suka sani, har ya kai su ga nassi, ya kai su ga Ɗansa, bai manta da kowa a ƙauyukanmu ba.

Mu yi addu'a. Ya Uba, mun gode maka da ka neme mu tun muna nesa. Mun gode domin kakanninmu da suka riƙe ƙasar nan, da iyayenmu da suka sha raini saboda sunan Ɗanka. Ka cire mana kunya, ka tsare mu daga hanyar Siman da Alimas, ka ba mu zuciyar waɗanda suka zo Baitalami da kyautarsu. Ka albarkaci Birnin Kudu da Gwaram da zaman lafiya tsakaninmu da maƙwabtanmu. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.